Gonar da Sani Ya Raya: Tarihin Arzikin Agie, Gazawa da Gidan Rumji

Idan masana suka zauna suna maganar ƙasar da ke ci da ilimin mutanenta, ba da abin da take haƙowa a ƙarƙashin ƙasa ba, sunan Estoniya ne ke fara fitowa. Ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, mutanenta kimanin miliyan 1.3. Ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991 da karyayyen tattalin arziki, babban jarinta kuwa jama'ar da kusan kowa a cikinta ya iya karatu da rubutu. A 1996 ta ɗauri aniyar kai kwamfuta da intanet kowace makaranta. A 2003 'ya'yanta na cikin waɗanda suka haɗa manhajar Skype, a 2005 kuma mutanenta suka fara jefa ƙuri'a ta intanet. A shekarar nan ta 1991 mu ma a Nijar muka yi namu juyin. Taron Ƙasa ya zauna a Yamai daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamba, aka rufe babin mulkin jam'iyya ɗaya. Sai dai hanyarmu da tasu ba su haɗu ba, har da yawa cikinmu suka ɗauka cewa maganar cin arzikin ilimi ba tamu ba ce, sai ranar da lantarki da kwamfuta suka isa kowane ƙauye.

Ni ban yarda da haka ba. A ƙasar Gazawa aka haife ni, a ƙauyukan Agie na yi koyarwa, da rana yara a firamare, da dare manya a ajin yaƙi da jahilci, kuma ina da dangi a wajajen Tsibiri. A tsawon rayuwata na ga mutanen Agie, Gazawa da Gidan Rumji sun sauya ginshiƙin arzikinsu. Da can da faɗin fili suke ci, fili ya ƙare. Suka koma ci da gyaɗa, gyaɗa ta gudu. Abin da ya riƙe su har yau shi ne abin da suka sani, suka gwada, suka koya wa juna. Tarihin nan ya cancanci a rubuta shi, domin a cikinsa akwai sharaɗin da babu ƙasar da ta taɓa tsallake shi: sani ba ya zama dukiya sai mai shi ya tabbata cewa shi zai ci amfaninsa.

Arzikin farko na ƙasar nan daji ne. A ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu, Katsinawan da suka ƙi bin Sakkwato suka kafa sarautarsu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri, wadda yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Zamanin hare-hare ne, don haka mutane suka takure a bakin gulbi da cikin garuruwa masu kariya. Da Faransawa suka kafa mulkinsu a farkon ƙarni na 20, yaƙe-yaƙe suka lafa, sai jama'a suka fantsama cikin jigawa. Mutum ya ɗauki iyalinsa, ya haƙa rijiya, ya sari daji, gari ya ci sunansa. Shi ya sa ƙasarmu ta cika da Gidan wane da Gidan wane. Manomin wancan zamani ba jahili ba ne. Ya san bambancin jigawa da geza da fadama, ya san ciyawar da ke nuna gona ta gaji, ya san yadda zai shirya da Bafillace ya kwana da shanu a gonarsa da rani don taki. Amma duk dabararsa a kan yalwar fili ta dogara: in gona ta gaji a bar ta ta huta shekaru, a sari wata. Babban mutum shi ne mai hannaye da yawa a gandu, wanda ya tara dami dubu aka kira shi sarkin noma.

Sai gyaɗa ta zo. Nasara yana son haraji da kuɗi, kuɗi kuwa a wurin gyaɗa suke. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli a kasuwanni, motoci na kwasar buhuna zuwa Kano inda jirgin ƙasa ya riga ya iso tun 1912. Bayan samun 'yancin kai, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ta karɓi cinikin, kuma a shekarun nan gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga waje. A cikin wannan ciniki alhazan Maraɗi da yawa suka fara tara jari. Ina yaro na ga tulin buhuna a bakin hanya da kaka, na ga Baba ya dawo daga sikeli ya ware na haraji, ya ware na turmin atamfar Inna, sauran ya ƙulle a lalita.

Da gyaɗar aka kawo wani irin ilimi, wanda daga sama yake saukowa. Malamin gona ya ce a shuka a layi, a tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce, gonar kirki ita ce wadda ba ta da ko tsinke. Manomin da ya bar sabara ko kalgo a gonarsa sai a ce rago ne. A gefe guda kuma ga dokar daji ta 1974, wadda ta gaji ta zamanin Faransawa. Ta lissafa itatuwan da aka hana taɓawa, gawo na cikinsu, ta sa iko da su a hannun hukuma. Ko a tsakiyar gonar da ka gada itacen ya tsiro, in ka sassare shi ba da takarda ba, tara ce. An yi dokar don a kare itace, amma ga lissafin da ta sa manomi ya yi: wannan ɗan tsiron, in na bar shi ya girma, ba nawa ba ne, kuma zai iya jawo mini tara. Mai hankali sai ya sa hauya ya cire shi tun yana ƙarami, tun kafin wani ya gan shi. Mutane ba su manta amfanin gawo ba. An dai mayar da saninsu abin da ba ya biya.

Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa da darɓa ke yaɗawa ta ƙarasa ta. Hankalin gwamnati ya koma kan yuraniyom na Arlit. Mu kuma aka bar mu da gonakin da aka aske, ga jama'a na ƙaruwa, ga babu sauran dajin da za a sara, babu gonar da za a ce ta huta. Wanda bai ga farkon damina a shekarun nan ba zai yi wuya ya gane. Ruwa ya sauka a yi shuka, hatsi ya tsiro kamar tsawon yatsa, sai iska ta taso daga gabas ba abin da zai tare ta, rairayi ya yanke tsiron ko ya binne shi. A sake shuka, a sake, wata shekara har sau uku ko huɗu, irin da aka ɓoye ya ƙare, damina kuma ta yi nisa. Inna takan fita neman itace tun asuba, sai hantsi ya ɗaga ta dawo da ɗan abin da bai kai na kwana biyu ba. Daga baya ta koma girki da kara da busasshen kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma gona ya ciyar da ita shi muke ƙonawa a murhu.

Hukuma ba ta zauna ba. Aka mayar da 3 ga Agusta ranar dashen itace, aka buɗe wuraren rainon dogon yaro da turare, aka kafa gandun ƙauye nan da can. A watan Mayun 1984, zamanin Seyni Kunce, a Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. An kashe kuɗi, an yi gumi, amma yawancin abin da aka dasa bai kai labari ba. Ɗan itacen da aka raina a leda saiwarsa gajera ce, rani ya yi masa tsawo, akuya da gara suka ƙarasa. Wanda ya rayu kuma na kowa ne, wato ba na kowa ba, babu mai tashi da dare don ya kare shi.

A cikin masu wannan dashe akwai wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi. A 1983, yana kan hanyar ƙauye da mota cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin ƙananan kurmin da ke warwatse a gonaki. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, kututturensa na da rai, saiwarsa na can ƙasa tana shan ruwa, kowace shekara yana toho, kowace bazara ana sassabe shi a ƙone. Kowane tsoho a ƙasarmu ya san kututture na toho. Abin da Rinaudo ya ƙara shi ne ya ɗauki tohon a matsayin jari, ya tsara yadda za a raine shi. Shekarar da ta biyo baya aka yi yunwar da mutanenmu ke kira El-Buhari, domin ta zo daidai lokacin da Najeriya, ƙarƙashin Buhari, ta rufe iyaka. Aikinsa ya raba abinci a ƙauyuka kusan 100 bisa sharaɗin kowa ya bar toho a gonarsa. Da yunwa ta wuce abinci ya tsaya, kusan kashi 2 cikin 3 na itatuwan aka sare. Sauran kashi ɗayan su suka zama makaranta. Maƙwabci ya ga hatsin wanda ya bar itace bai ragu ba, ya ga matarsa ta daina doguwar tafiya, ya ga yana da sanduna na sayarwa. Gani ya kori ji.

A garinmu Kawu ne ya fara. Ya je ta'aziyya yamma da Maraɗi, ya dawo da abin a kansa. Wata bazara na same shi a gona durƙushe gaban kututturen kalgo mai toho sun fi ashirin. Ya duba ya duba, ya zaɓi uku masu ƙarfi da suka miƙe, ya sare sauran. Sannan ya bi ukun nan yana datse rassan ƙasa har wajen rabin tsawonsu, yana sara daga ƙasa zuwa sama da adda mai kaifi don kada ɓawon ya yage. Ya yagi jan ƙyalle ya ɗaura wa ɗaya, alamar yana da mai shi. Na ce, "Kawu, mutane fa na cewa ka bar ƙazanta a gona, tsuntsaye za su sami wurin sauka." Bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, bar su su faɗa. Wannan da ka gani saiwarsa ta girme ka. Ni ban shuka shi ba, ba ni ba shi ruwa. Hannuna kawai zan ɗauke masa." Kafin shekara uku itacen ya fi shi tsawo. Kowace shekara ya sari sanda ɗaya ya bar sabon toho ya maye gurbinta. Ganyen da ya zuba ya ruɓe a gindin, rairayin da iska ta kwaso ya tsaya a nan. Gawo kuwa, da yake da damina yake zubar da ganye ya tofo da rani, ba ya yi wa hatsi inuwa, 'ya'yansa abincin dabba ne, dabbobin da suka kwanta a gindinsa kuma taki suke bari. Wannan shi ne sassabin zamani. Ba a sayen komai a cikinsa, duk abin da ake bukata a ido yake da hannu.

Amma da dokar nan ta ci gaba da cizo kamar da, abin ba zai wuce gonakin 'yan tsiraru irin Kawu ba. A nan ne tarihin siyasar ƙasa ya haɗu da tarihin gona. A shekarun 1980 kuɗin yuraniyom ya ja baya, aljihun gwamnati ya bushe. Bayan Taron Ƙasa talaka ya fara ɗaga murya, sintirin jami'an daji ya ragu, wasunsu ma suka koma masu ba da shawara. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin manomi kan gonar gado, dokar daji ta 2004 ta ƙara sassauci, sai a Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa wanda ya raini itace a gonarsa haƙƙin cin amfaninsa. Manoma ba su jira takardar ƙarshe ba. Tun ranar da suka ji a jikinsu cewa itacen nasu ne, lissafi ya juya. Dabarar ba ta canja ba daga 1984 zuwa 1995. Mai cin amfaninta ne ya canja.

Da itace ya zama dukiya sai ɓarawo ya zo. Mutum ya raini gawo shekara huɗu, ya wayi gari ya tarar an sare da dare. Ɗan Saga, wani gari a gundumar Agie, ya yi suna ne saboda yadda ya magance wannan. Mutanen garin suka kafa kwamitin sa ido, da maza da mata, da manoma da Fulani makiyaya, suka tsara dokokinsu na wanda zai sara da lokacin sara da tarar wanda ya saɓa, aka karanta wa kowa a bainar jama'a. Asusun FIDA na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya daɗe yana aiki a Agie, ya koyi darasi daga irin wannan. A ƙarshen shekarun 1990 ma'aikatansa suka fara shiga ƙauye da tambaya a bakinsu maimakon umarni: me kuke gwadawa, me ya yi, me bai yi ba? Daga 2005 aikinsa na PPILDA ya ɗora a kan haka. Aka riƙa yin gonakin gwaji inda manoma da masu binciken cibiyar INRAN ta Tarna ke shuka iri daban-daban kusa da juna, da kaka a auna da tiya a gaban kowa. Wasu manoman suka ƙware wajen ninka irin hatsi mai saurin nuna kamar HKP da irin wake, suna sayarwa da tsada fiye da hatsin ci. Wasu kuma suka haɗa ƙungiya ana ɗaukarsu ana biyansu su je wani gari su koyar. Karon farko ke nan da na ga manomi ya ci kuɗi ba don abin da ya noma ba, sai don abin da ya sani.

Duniya ba ta ankara ba sai bayan shekara 20. Daga 2004 masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan na Amurka da Chris Reij na Holan tare da 'yan Nijar, suka gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na sabon ƙarni. Lissafinsu ya nuna gonaki kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram sun sake yin itace, wajen itatuwa miliyan 200, kuma inda mutane suka fi cunkushewa nan itacen ya fi yawa. Babu wani aikin dashe a duk Sahel da ya kusanci haka. Daga baki zuwa baki abin ya bi, a kasuwar Caduwa, a wurin suna da biki, a bakin rijiya.

Mata ma sun yi tasu ƙirƙira a daidai wannan lokaci. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, aka gina a kan adashen da iyayenmu mata suka sani tun fil azal, aka ƙara masa ƙa'ida: zubi kowane mako, akwati mai kwaɗo, rance da ɗan abin da za a ɗora, lissafi a gaban kowa, rabo a ƙarshen zagaye. Babu kuɗin waje a cikin akwatin. Da shi mace ke sayen jar akuya, ko gyaɗar da za ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli, ko kabar da za ta saƙa tabarma a garuruwan Gulbin Kaba. Yau irin wannan asusu ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mata na cikinsa, kuma a ƙasarmu aka fara.

Ba na so a ɗauka cewa itace ya kori yunwa. A 2004 fara ta zo, ruwa ya ɗauke da wuri, a 2005 farashin hatsi ya tashi har ya fi ƙarfin talaka. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa. Na ga iyaye mata a layi a Agie da yara a goye, kuma hatsi na nan jibge a kasuwa. Masu itace sun sami sanda da ganye da 'ya'yan itacen da za su sayar su sayi tiya, wannan gaskiya ne, amma shekarar ta tona mana wani rami. Mun iya nomawa, ba mu iya riƙewa ba. Manomi ya sayar da kaka da arha don bashi da biki, ya sayi abin nan da ya noma da damina ninki biyu.

Abubuwa biyu suka rage zurfin ramin nan, kuma dukansu sani ne. Na farko wayar salula, wadda ta shigo Nijar a 2001. Wata mai binciken tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda waya ta isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Yau manomin Gazawa ba ya ɗora wake a amalanke sai ya kira ya ji nawa tiya a Tasawa, nawa a Maraɗi. Na biyu buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta tsara tare da masana na yankinmu, cikinsu har da Ibrahim Baoua, masanin ƙwari na Maraɗi, aka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki ya shanye ɗan iskan da ya rage ya mutu, ba a sa ko ƙwayar magani ba.

Yadda aka koyar da shi ma abin lura ne. Ba a tsaya wa'azi ba. Da kaka aka sa mutane suka kawo wakensu, aka ɗaure a gaban mai gari, aka ajiye. Bayan wata biyar ko shida aka tara gari don buɗe buhu. Na halarci irin wannan taro. Aka fara kwance buhun da aka ajiye yadda muka saba, wake ya zama gari da ramuka, ƙwari na tashi. Sannan aka kwance mai leda uku. Wata gwaggo da ta yi ta cewa wake ba ya kai bazara ba magani ta tura hannu har gwiwar hannu, ta damƙo daga can ƙasa don kada a ce na sama aka gyara, ta watsa a faifai, ta ɗauki ƙwaya ta ciza. Ta juya wajen mai gari ta ce, "Ranka ya daɗe, a ina ake sayar da shi?" Haka aka yi da tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Masu bincike suka koya wa ƙauyuka rataya ƙananan jakunkunan algarara masu ɗauke da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke fita ya harbi tsutsar ya saka ƙwansa a jikinta. Wasu ƙungiyoyin manoma har kiwonsa suka koya.

Yau baƙi na zuwa Ɗan Saga daga ƙasashe maƙwabta su ga da idonsu. Sassabin zamani ya isa Senegal, ya isa Habasha, inda mutanen Humbo suka raya daji na kimanin hekta 2,700 har suka riƙa karɓar kuɗi saboda iskar da itatuwan ke tacewa. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Tun 2010 Maraɗi na da jami'arta, mai ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, da tsangayar aikin gona a cikinta. Wannan duk abin alfahari ne. Amma a nan ne Estoniya ta yi mana nisa, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ita abin da ta sani ta rubuta shi, ta mallake shi, ta mayar da shi haja. Mu namu a ka yake da baki. A Nijar babba ɗaya cikin uku ne kawai ya iya karatu da rubutu, mata kuma sun fi baya. Buhun da aka gwada a rumbunanmu, a Kano aka fara ƙera shi da yawa. Ayar da Agie da Caduwa ke nomawa ɗanya ake kwasarta zuwa Najeriya, wata har Sifaniya inda ake yin abin sha da ita, ribar sarrafawa ta zauna can. Littattafan da aka rubuta kan gonakinmu da Faransanci da Ingilishi suke, waɗanda suka yi aikin ba za su iya karanta su ba.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 3 a jihar Maraɗi, kuma tun daga nan ƙaruwa ake. Gonar da Kawu ya raina an raba ta tsakanin 'ya'yansa, ta jikoki ba za ta kai a juya garma ba. A Gidan Rumji, tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako, ɓarayin daji kuma sun hana wasu ƙauyukan bakin iyaka noma da kwanciyar hankali. Itace ya saya mana shekaru, bai ƙara mana fili ba. Yaran da ke tasowa yanzu, yawancinsu ba da gona za su ci ba.

Don haka abin da nake roƙo ba shi da nisa da abin da muka riga muka iya. A rubuta wannan sani da Hausa, da boko da ajami, tun tsofaffin da suka fara suna raye, a sa shi a darasin firamare, yaro ya koyi lissafi da awon gonar gwaji. A bar yarinya ta gama makaranta, domin uwarta ta riga ta nuna abin da mace za ta yi da akwati da kwaɗo, balle in ta sami alƙalami. Ɗaliban jami'ar Maraɗi su ɗauki tambayoyin bincikensu daga bakin manoma, su mayar musu da amsa cikin harshen da suke ji. Manomin da ke koyarwa a ba shi shaida a biya shi kamar kowane malami. Masu ninka iri da masu sarrafa aya da wake da gyaɗa a ba su lantarki da rance da kariyar doka, don abin da suka ƙirƙira ya zama nasu. Mutanen nan sun raya itatuwa miliyoyi ba tare da an ba su ko sisi ba, da zarar sun tabbata amfanin nasu ne. Duk wanda ke son gina arzikin ilimi a Nijar, da wannan tabbacin zai fara, kuma ya ba da shi ga yaran da ke zaune a aji a Agie, Gazawa da Gidan Rumji.